Bayan Hannu Ya Miƙa: Yadda Ake Kiran Mai Alheri Ya Dubi Amfanin Alherinsa

Daga cikin dukan kiraye-kirayen da mutum kan yi wa ɗan'uwansa zuwa ga gyara, babu mai wuya kamar kiran mai alheri, domin shi marowaci aibinsa a fili yake, kowa na ganinsa, shi kansa ma idan ya kaɗaita da zuciyarsa ya san da shi. Amma mutumin da hannunsa ya saba da bayarwa, wanda ƙofar gidansa ba ta rabuwa da mabukata, wanda aka yi shekara da shekaru ana yi masa godiya da addu'a, ranar da ka zo masa da batun ya tsaya ya bincika abin da kyautarsa ta haifar, sai ya ji kamar ka zo ne ka tuhumi niyyarsa, ko kuwa ka rage masa lada. Amsar da za ka samu galibi ita ce wadda kowa ya sha ji: “Ni dai na bayar don Allah, sauran kuma tsakaninsu da Mahaliccinsu.” Ta fuskar mai bayarwa wannan magana ba ta da aibi, gama ihlasi shi ne ruhin sadaka; sai dai kowace kyauta tana da mutum na biyu, watau wanda aka yi nufin a taimaka wa, shi kuwa abin da ya dame shi shi ne ko ruwan ya zo, ko maganin ya yi aiki, ko ɗansa ya tashi daga jinya.

Yau kusan shekara ashirin ke nan da waɗansu mutane a Ingila da Amurka suka ɗauki wannan mas'ala ta zama aikin rayuwarsu, suna kiran tafarkinsu da sunan alheri mai tasiri, suna kuma neman hanyar da za su bi su jawo masu kyauta su riƙa duban inda kyautarsu ke sauka. Sun yi gwaje-gwaje, sun dace a waɗansu, sun yi tuntuɓe a waɗansu, kuma abin da ya fito daga wannan faɗi-tashi ya cancanci a saurara, domin darasinsa guda ne: mai tausayi ba ya amsa kiran wanda ya raina tausayinsa, amma yakan amsa kiran wanda ya nuna masa cewa bin sawun kyauta shi ne cikar tausayin da tun farko ya motsa hannunsa.

Famfon da ya sha yabo

Kafin a yi maganar yadda ake kira, wajibi ne a fara sanin dalilin da ya sa ake yinsa, kuma babu labarin da ya fi bayyana dalilin kamar na wani famfo da aka kira PlayPump. Wani mai sana'ar talla a Afirka ta Kudu, sunansa Trevor Field, ya ga wata na'ura a wurin baje kolin kayan gona: lilo ne irin mai kewayawa, wanda yara ke turawa su ɗare, an haɗa shi da famfo a ƙarƙashin ƙasa, ta yadda duk juyin da yaran suka yi sai ruwa ya hau cikin tanki a bisa hasumiya, a jikin tankin kuma a manna allunan talla waɗanda kuɗinsu zai riƙa biyan gyara. Duk wanda ya ji bayanin sai ya ce madalla, yara su yi wasa, mata su huta da tuƙa famfo, gari ya sha ruwa. A shekarar 2000 Bankin Duniya ya ba shi lambar yabo, a 2006 kuma uwargidan shugaban Amurka ta wancan lokaci, Laura Bush, ta ba da sanarwar gudummawar dala miliyan 16.4 domin a yaɗa shi, mawaƙa da attajirai suka shiga yi masa yekuwa, aka kafa shi a ƙauyukan Afirka ta Kudu da Mozambik da Zambiya da makwabtansu.

Da masu bincike suka je ƙauyukan suka zauna suka duba da idonsu, sai suka tarar da abin da ba a nuna a hotunan talla ba. Lilon wasa na gaske idan aka tura shi sau ɗaya yakan yi ta juyawa da kansa, wannan kuwa tun da yake ƙarfin turawar yana tafiya ne wajen jawo ruwa, da an sake shi sai ya tsaya, saboda haka yara suka gaji da shi cikin ɗan lokaci, aikin ya koma kan matan da aka ce za a hutar, har da tsofaffi da masu juna biyu, suna kewayawa suna tura lilon yara da hannu a tsakar rana. Kowane ɗaya yana cin kimanin dala 14,000, watau wajen ninki huɗu na kuɗin famfon tuƙa-tuƙa, alhali kuwa tuƙa-tuƙan ya fi shi ba da ruwa; a waɗansu ƙauyuka ma an cire musu tuƙa-tuƙan da suka iya gyarawa da kansu ba tare da an yi shawara da su ba, aka sa musu wannan wanda idan ya lalace sai su yi watanni suna jiran mai gyara daga nesa. Wata jaridar Ingila ta yi lissafi a 2009, ta nuna cewa in ana so famfo ɗaya ya shayar da yawan mutanen da aka yi alkawari, to sai yara sun yi awa 27 suna juyi a kowace rana. A 2010 ƙungiyar da ke tara masa kuɗi a Amurka ta naɗe tabarmarta.

Abin lura a nan shi ne ba a ce wani ya saci kuɗin ba. Mu a ƙasashenmu idan aka yi maganar kyauta da ta tafi a banza, hankalinmu kan tafi ne ga ha'inci, mu ce an cinye, an yi sama da faɗi; wannan tsoro kuwa yana da dalili. Amma ga kuɗi an tara da kyakkyawar niyya, an kashe a kan abin da aka ce za a kashe, an kafa abin da aka ce za a kafa, kuma duk da haka waɗanda aka nufa da alherin sun wayi gari cikin wahalar da ta fi ta da. Amana sharaɗi ce, amma ita kaɗai ba ta isa ta tabbatar da cewa taimako ya taimaka ba.

Waɗanda suka mai da tambayar sana'a

Tushen wannan tunani a wurin Turawa ana danganta shi da wani malamin falsafa ɗan Ostareliya, Peter Singer, wanda a 1972, bayan bala'in yunwa da gudun hijira da ya auka wa mutanen Bengal ta Gabas, ya buga maƙala yana kafa hujja da misalin yaron da ya faɗa kududdufi: duk wanda ya wuce ya gan shi zai shiga ya tsamo shi ko da tufafinsa za su ɓaci, to nisan wuri ba ya sauke wannan nauyi daga kan mai iko. Daga baya waɗansu samari biyu ma'aikatan wani kamfanin zuba jari a Amurka, Holden Karnofsky da Elie Hassenfeld, suka so su ba da sadaka, suka tambayi ƙungiyoyin agaji hujjar cewa aikinsu yana amfani, aka yi ta aiko musu da takardu masu ƙyalli da hotuna. Sai a 2007 suka ajiye aikinsu suka kafa GiveWell, cibiyar da ba ta da wani aiki sai tahƙiƙin inda dala ɗaya ta fi ceton rai. A 2009 kuma waɗansu matasa masu nazarin falsafa a jami'ar Oksfod, Toby Ord da William MacAskill, suka kafa ƙungiyar Giving What We Can, wadda 'ya'yanta ke ɗaukar alkawarin ba da ushirin abin da suke samu, muddin ransu, ga ayyukan da bincike ya nuna sun fi fa'ida.

Babban abin da waɗannan mutane suka fito da shi fili shi ne girman tazarar da ke tsakanin taimako da taimako. Wani bincike da aka buga a 2020 ya tambayi mutanen gari ra'ayinsu, suka ce a zatonsu ƙungiyar da ta fi kowace iya ceton rai ba za ta wuce matsakaiciya da fiye da ninki ɗaya da rabi ko biyu ba. Da aka tambayi masanan fannin sai suka ce tazarar takan kai ninki ɗari. Idan kuwa haka ne, to mutumin da ya ba da kaɗan a inda ya dace yana iya yin abin da mai ba da dukiya mai yawa bai yi ba, kuma zaɓen wurin da za a bayar ya fi yawan abin da za a bayar nauyi a mizani.

Wannan magana ba ta yi nisa da ƙofofinmu ba, gama biyu daga cikin ayyuka ƙalilan da GiveWell ta fifita a duniya duka ana yinsu ne a ƙasar Hausa. Na ɗaya shi ne rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yinsa a 2012 domin ƙasashen Sahel, ƙungiyar Malaria Consortium kuma tana cikin masu ɗaukar nauyinsa a jihohin arewacin Nijeriya. Duk wanda ya zauna a Katsina ko Jigawa ko Sakkwato da damina ya ga masu aikin: suna bin gida-gida wata-wata, su yi sallama, su tambayi yaran da ke tsakanin wata uku da shekara biyar, su narka ƙwayar farko su ba yaro a gaban idonsu, su bar wa uwa ta gobe da ta jibi, su cika kati, su yi alama da alli a jikin bango, su wuce gida na gaba. Gwaje-gwajen likitoci sun nuna wannan yana kawar da kimanin kashi uku cikin huɗu na zazzaɓin da zai kama yaro a wannan lokaci, kuɗinsa kuwa bai kai dala goma ga yaro ɗaya a shekara ba. Na biyu shi ne na ƙungiyar New Incentives, wadda ke ba uwa ɗan kuɗi duk lokacin da ta kai jaririnta asibiti aka yi masa allurar rigakafi, aikin da aka auna shi da gwaji a Katsina da Zamfara da Jigawa aka ga ya ƙara yawan yaran da ake yi wa allurar. A ƙiyasin GiveWell, kimanin dala 5,000, wani lokaci ma ƙasa da haka, idan aka sa su cikin irin waɗannan ayyuka, suna hana mutuwar yaro guda. Wannan kuwa a duniyar da zazzaɓin cizon sauro ke kashe wajen mutum 600,000 kowace shekara, akasarinsu ƙananan yaran Afirka, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a Nijeriya suke.

Dalilin da ya sa lissafi kaɗai ba ya jan zuciya

Mai karatu zai yi zaton da zarar an shimfiɗa wa mai kyauta waɗannan alkaluma magana ta ƙare, haka ma masu kiran suka zata da farko. Amma masanan halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano cewa zuciya ba ta iya ninka tausayi yadda hankali ke ninka adadi. A farkon shekarun 1990 an tambayi rukuni uku na Amurkawa nawa za su biya domin a ceci tsuntsaye daga nutsewa a tafkunan mai: aka ce wa rukunin farko tsuntsu 2,000, na biyu 20,000, na uku 200,000, amsoshinsu suka zo dala 80 da 78 da 88. An ninka tsuntsayen sau ɗari, kyautar ba ta motsa ba, saboda abin da kowa ya gani a zuciyarsa tsuntsu ɗaya ne jiƙe da mai.

Gwajin da ya fi wannan ba da tsoro shi ne wanda Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic suka buga a 2007. Sun ba mutane dala biyar-biyar, sa'an nan suka ba su damar yin sadaka daga ciki. Waɗansu aka karanta musu adadin miliyoyin da ke fama da yunwa a ƙasashen Afirka, waɗansu kuma aka nuna musu hoton yarinya guda 'yar shekara bakwai daga Mali, aka faɗa musu sunanta da halin da take ciki. Waɗanda suka ga yarinyar suka ba da wajen ninki biyu na abin da sauran suka bayar. Da aka haɗa hoton da alkaluman wuri ɗaya, sai kyautar ta ragu. Da kuma aka zaunar da mutane aka bayyana musu wannan rauni na zuciya, da fatan za su ƙara wa miliyoyin, ba su ƙara musu ba, illa dai sun rage wa yarinyar. Watau wa'azin da aka yi domin a gyara kyautar, shi ne ya ƙwace wa yarinyar rabonta ba tare da ya ba kowa ba. Haka kuma Dean Karlan da Daniel Wood suka gwada da wasiƙun neman taimako na wata ƙungiyar yaƙi da yunwa: da aka ƙara sakin layi mai bayanin hujjar kimiyya cewa aikin yana amfani, manyan masu bayarwa sun ƙara, ƙananan masu bayarwa kuwa sun ja baya.

To, wannan shi ne haɗarin da ke gaban mai kira, kuma duk wanda bai san shi ba zai yi ɓarna yana zaton gyara yake yi: yana iya kashe wutar tausayi a zuciyar mutum, ya bar shi da shakka a kan kowace sadaka, har ya naɗe hannunsa gaba ɗaya. Da muguwar rawa, gara ƙin tashi.

Hanyoyin da suka fi dacewa

Hanyar farko ita ce a fara daga abin da mutum ya riga ya yarda da shi, kuma a nan malaman Musulunci sun riga masanan Oksfod da ƙarnuka masu yawa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, a cikin Ihya'u Ulumid Din ya ware babi a kan gururi, watau ruɗin kai, ya lissafa a ciki mawadatan da ke ƙawata gine-gine domin a rubuta sunansu, da masu maimaita hajji alhali makwabtansu na kwana da yunwa. Ya kuma kawo ƙissar Bishrul Hafi, waliyyin Bagadaza, wanda wani mutum ya zo yi masa ban kwana zai tafi hajjin nafila da guzurin dirhami 2,000. Bishru bai fara da hana shi ba. Ya tambaye shi abin da yake nema da tafiyar, ko yawon buɗe ido, ko begen Ɗakin Allah, ko yardar Allah. Mutumin ya ce yardar Allah. Ya sake tambayarsa ko zai yarda idan aka nuna masa hanyar samun wannan yarda yana zaune a gidansa. Ya ce zai yarda. Sai a sa'an nan ya ce masa ya raba kuɗin ga mutum goma, irin su mai bashi da ya rasa abin biya, da mai iyalin da ya gaza, da mai riƙon maraya. Dubi jerin nan da kyau: ya bar mutumin ya faɗi manufarsa da bakinsa, ya karɓi yardarsa a kan asali, kana ya nuna masa hanya mafi kusa zuwa ga abin da shi da kansa ya ce yana so. Kuma duk da wannan hikima mutumin ya ce tafiyar ta fi ƙarfi a ransa, ya ƙi. Wanda ke nuna cewa mai kira, kome iyawarsa, tilas ya shirya wa jin “a'a” ba tare da ya yi fushi ko ya yanke ƙauna ba.

Fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu ma yana tafe a kan wannan mizani. Imam Malik ya tafi a kan cewa rabon zakka tsakanin sinfofi takwas ɗin nan ijtihadi ne, a fifita sinfin da bukata ta fi tsanani da yawa a cikinsa. Malaman mazhabarsa kuma suka hukunta cewa ana raba zakka a inda ta wajaba, sai fa idan akwai waɗanda suka fi talauci a wani wuri, sa'an nan a kai musu mafi yawanta. Saboda haka wanda zai yi wa Musulmi wannan kira ba ya bukatar ya zo masa da shi kamar baƙon tunani. Tuni kawai zai yi masa da abin da ke cikin littafin da ya karanta. Manomi yakan zaɓi fadama ya bar faƙo idan zai zuba irinsa, ya kuma koma ya duba ko ya tsiro, babu kuwa wanda ya taɓa cewa wannan ya rage masa tawakkali.

Hanya ta biyu ita ce kada a nemi mutum ya bar abin da yake ƙauna. Waɗansu masana biyu a jami'ar Habad, Joshua Greene da Lucius Caviola, sun lura cewa idan aka ce wa mai kyauta ya zaɓa tsakanin ƙungiyar da ransa ke so da wadda bincike ya fifita, kusan kullum ta ransa yake ɗauka. Amma idan aka buɗe masa ƙofa ta uku, watau ya raba kyautar biyu, da yawa sukan karɓa da farin ciki, domin daɗin da zuciya ke ji ba ya raguwa sosai don an ba abin ƙaunarta rabi maimakon duka. A kan wannan suka kafa shirin Giving Multiplier a 2020, wanda ke ƙara wa mai kyauta wani abu a bisa kyautarsa gwargwadon kason da ya ware wa aikin da aka tabbatar. Misalin haka a wurinmu shi ne attajirin da ya saba raba shinkafa da atamfa kowane azumi. Wanda ya ce masa wannan rabo ba shi da amfani ya yi ƙarya, ya kuma rufe wa kansa ƙofa har abada. Mai hikima zai durƙusa ya gaishe shi, ya ce: “Ranka ya daɗe, Alhaji, Allah ya saka da alheri a kan abin da aka saba, kada a fasa. Sai dai ina roƙon a ware kashi ɗaya cikin biyar na bana, a sa shi inda za mu iya bin sawunsa, in Allah ya kai mu azumi mai zuwa in kawo maka bayanin abin da ya haifar.” Wanda aka roƙa haka ba a taɓa mutuncinsa ba, an kuwa dasa masa sha'awar jin sakamako, wadda idan ta kama mutum ba ta sakinsa.

Hanya ta uku ita ce a ba zuciya fuskar da take nema, amma fuskar ta zama ta gaskiya, ta kuma fito daga aikin da lissafi ya riga ya tabbatar. Tun da an san labarin mutum ɗaya ya fi adadin miliyan motsa rai, to a yi lissafin tukuna a zaɓi aiki, sa'an nan a kai mai kyauta ya ga uwa guda da katin rigakafin ɗanta a hannu, ko ya tsaya a bakin rijiyar burtsatse da aka haƙa shekara biyar da suka wuce ya ga ko tana ba da ruwa har yanzu. Gani ya kori ji.

Hanya ta huɗu ita ce mai kira ya riga kowa. Toby Ord bai nemi kowa ya ba da ushiri ba sai da ya yanke wa kansa iyaka, ya yi alkawarin duk abin da ya haura fam 20,000 a shekara daga albashinsa na malanta zai bayar. Ƙungiyarsa da ta fara da mutum ashirin da 'yan kai yau 'ya'yanta dubbai ne a ƙasashe da yawa, kuma da yawansu ta bakin aboki ko abokin karatu suka ji labarinta. Masu wannan tafarki sun koyi cewa saƙon da aka watsa wa jama'a a gurguje yakan isa a gurɓace. Shawarar da suka taɓa bayarwa, cewa wani zai iya neman aiki mai albashi mai tsoka domin ya riƙa ba da mafi yawansa, jaridu suka ɗauke ta kamar ita ce dukan karatun, har a 2015 cibiyarsu ta ba da shawara kan sana'a, 80,000 Hours, ta fito ta bayyana cewa mutane kaɗan ne wannan hanya ta dace da su. Daga nan suka ƙara karkata ga littafi, da zaman karatu na mutum goma ko ƙasa da haka, da hira ta ido da ido. Gama mutum ɗaya da ya fahimta sarai ya fi ɗari da suka ji rabin magana.

Hanya ta biyar, wadda ita ce ginshiƙin sauran, gaskiya ce. Michael Kremer, wanda ya sami kyautar Nobel a 2019 tare da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, ya gwada a makarantun yammacin Kenya ya ga ƙarin littattafai bai ɗaga sakamakon akasarin ɗalibai ba, amma maganin tsutsar ciki mai arha ya rage fashin makaranta da kashi ɗaya cikin huɗu. Daga baya waɗansu masana suka sake nazarin alkaluman suka yi jayayya mai zafi a kan girman amfanin. Mai kiran da ya faɗi rabin farko ya ɓoye na biyu ya ci amanar mai saurarensa. GiveWell tana da shafi na musamman inda take lissafa kurakuranta da kanta, wannan kuwa ya ƙara mata daraja a idon masu ba da dukiya. Akasin haka shi ne abin da ya faru a Nuwamban 2022, sa'ad da kamfanin FTX na Sam Bankman-Fried, wanda ya yi suna da cewa yana tara dukiya ne domin alheri mai tasiri, ya rushe da kuɗin jama'a, kotu ta same shi da zamba, a 2024 aka ɗaure shi shekara 25. Ɓarnar da mutum ɗaya ya yi wa sunan wannan tafarki ta fi abin da masu suka suka yi masa cikin shekara goma, ta kuma tabbatar da cewa babu lissafin amfani da ke halatta dukiyar haram.

Abin da ba a aunawa, da haƙƙin na kusa

Akwai masu cewa wannan tafarki yana so ya mai da kome alkalami, alhali akwai alherin da ba ya shiga sikeli, kamar sada zumunci, da share hawayen makwabci, da gina wurin ibada, da karantar da yaro. Maganarsu tana da ƙarfi, kuma mai kiran da ya yi musunta ya yi asarar masu saurare na gari. Iyaye da dangi da makwabta suna da haƙƙi wanda ba a sayar da shi da kowane lissafi, abin da ake magana a kansa shi ne rarar da ta saura bayan an sauke waɗannan. Sa'an nan ko a cikin abin da mutum ya zaɓa da kansa tambayar tana nan daram: wanda ya ƙudura haƙa rijiya sadakatul jariya ga mahaifinsa, ya tambaya wane ƙauye ne ya fi ƙishirwa, wa zai gyara ta ranar da ta lalace, da wane kuɗi, wanda ya ɗauki nauyin marayu, ya bincika ko suna zuwa makarantar da yake biya, ko sun iya karatu, hukumomin zakka da waƙafi irin na Kano da Sakkwato, su riƙa komawa bayan shekara su ga cikin waɗanda aka ba jari nawa ne suka tsaya da ƙafafunsu. Sadaka ba ta zama mai gudana sai idan amfaninta yana gudana, wannan kuwa ba a saninsa sai an koma an duba.

Daga ƙarshe, mizanin da mai kira ke miƙa wa mutane ya wajaba ya fara hawa kansa. Yawan waɗanda suka taru suka saurare shi, da yawan waɗanda suka ce ya yi magana mai kyau, duk ba su ne ma'aunin nasararsa ba. Ma'aunin shi ne mutum nawa ne suka sake inda suke kai dukiyarsu, nawa ne suka dawwama a kai bayan shekara biyu ko uku, nawa ne kuma maganarsa ta sanyaya musu gwiwa har suka daina bayarwa, gama waɗannan ma suna cikin littafinsa. Idan ya yi wannan hisabi ya ga hanyarsa ba ta haifar da kome ba, to ya sake ta ba tare da jin kunya ba, kamar yadda yake so mai kyauta ya sake tasa. Allah ya ba masu hannu da shuni zuciyar bayarwa, ya ba masu bayarwa basirar dubawa, ya kuma ba masu kiransu haƙuri da taushin harshe.